James Town: Ƙauyen Masunta Da Ya Haifi Ankara Da Zangunanta

Idan ka tashi daga Sabon Zongo da sassafe, ka bi ta wajen asibitin Korle Bu, ka haye gadar da ke kan tafkin Korle, ba za ka cika awa guda kana tafiya a ƙafa ba sai ka ji iska ta sauya. Ƙanshin gishiri da hayaƙin bandar kifi za su tarbe ka tun kafin idonka ya ga ruwa. Can gaba kaɗan sai ga wata doguwar hasumiya mai fentin ja da fari, a ƙarƙashinta kuma kwale-kwale ne birjik a bakin teku, kowanne da tutarsa da rubutun da mai shi ya zaɓa. Ka iso James Town ke nan.

Yawancin yaranmu na Zongo sun san wurin ne a matsayin inda ake sayo kifi da sauƙi, ko inda ake zuwa kallon dambe. Kaɗan ne suka san cewa wannan lungu shi ne tushen babban birnin Gana, wato Accra, wadda kakanninmu ke kira Ankara. Da wannan suna zan ci gaba da kiranta, kada mai karatu ya zaci ta Turkiyya nake nufi. Baƙi na biyan kuɗin jirgi daga Amurka da Turai don su zo su ga James Town, mu kuwa da ke maƙwabtaka da ita mun ɗauke ta ba a bakin komai ba. Alhali tarihin zamanmu a Ankara daga wannan gaɓa ya faro. Abin da nake so mu duba shi ne yadda dukiya iri-iri ta yi shekara ɗari uku da hamsin tana ratsa wannan wuri, da kuma abin da ta bar wa mazaunansa.

Asalin ƙauyen

Masu ƙasar su ne mutanen Ga. A farkon ƙarni na 17 babban garinsu ba a bakin teku yake ba, yana can cikin tudu a wani wuri da ake kira Ayawaso. Abin da ke gaɓa ƙananan ƙauyuka ne na masunta da masu dafa gishiri a gefen tafkin Korle. Zinariya ce ta jawo Turawa wurin, domin ta wannan hanya fataken cikin ƙasa ke saukowa da ita.

Mutanen Holan ne suka gina gidansu na dutse mai ganuwa da igwa a 1649, suka sa masa suna Crèvecoeur. Mutanen Denmak suka kafa nasu a Osu a 1661, shi ne Christiansborg. A 1673 kamfanin Ingila mai cinikin Afirka ya gina na uku, aka kira shi James Fort, da sunan ƙanen sarkin Ingila na lokacin, wanda daga baya ya hau gadon sarauta. Tsakanin gidan Ingilishi da na Holan bai wuce harbin igwa ba. Ƙauyen da ya taru a gindin na Ingilishi shi ne James Town, mutanen Ga kuma suna ce masa Ngleshi, wato na Ingilishi. Na gindin gidan Holan suna ce masa Kinka.

A 1677 mayaƙan Akwamu suka ci Ayawaso da yaƙi, suka watsa ta. Waɗanda suka tsira suka gangaro bakin teku neman mafaka kusa da igwar Turawa. Haka ƙauyukan masunta suka cika da 'yan gudun hijira, suka fara zama garuruwa. Akwamu sun mallaki yankin har zuwa 1730, kuma a wannan zamani ne cinikin bayi ya danne cinikin zinariya. Ɗakunan da aka gina don ajiye haja suka koma wurin tsare 'yan Adam kafin a ɗora su a jirgi zuwa ƙasashen Amurka. Ingila ba ta haramta wa mutanenta wannan ciniki ba sai a 1807.

Gari na baƙi

Abin da ya kamata ɗan Zongo ya lura da shi shi ne, tun asalinta James Town da baƙi aka gina ta. Unguwanninta uku ne: Sempe, Akanmaji da Alata. Sunan Alata daga Allada ya samo asali, wani gari da ke cikin Jamhuriyar Benin ta yau, domin daga wancan yanki Ingilishi suka kwaso bayi da ma'aikatan da suka yi musu aikin gini da dako. Zuriyar waɗannan mutane suka zauna, suka auri 'yan gari, suka koma Ga, har unguwarsu ta zama mai ƙarfin faɗa a ji a James Town. Ita kuwa Kinka unguwanninta huɗu ne: Asere, Abola, Gbese da Otublohum. Ta ƙarshen mutanen Akwamu ne suka kafa ta. Waɗannan unguwanni bakwai su ake haɗawa a ce Ga Mashie, tsohuwar Ankara.

A wajen 1836 wasu baƙin suka sauka daga jirgi. 'Yantattun bayi ne daga Barazil, sun dawo Afirka jim kaɗan bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahia a 1835, boren da Yarbawa da Hausawa suka kasance a cikinsa. Mutanen gari suka laƙaba musu suna Tabom, saboda wata kalmar harshen Fotugal da suke yawan faɗa mai ma'anar "da kyau". Da yawansu Musulmi ne. Sun zo da sana'ar ɗinki, gini da haƙa rijiya, sarakunan Ga kuma suka ba su wurin zama da gonaki. Gidansu na farko, Brazil House, yana nan har yau yana kallon teku.

A 1862 girgizar ƙasa ta lalata gidan Holan. A 1868 Holan ta miƙa shi ga Ingila, aka sake masa suna Ussher Fort, Kinka kuma ta koma Ussher Town. Denmak tun 1850 ta sayar da nata ta tafi. Da Ingilishi suka rage su kaɗai, sai a 1877 suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast suka dawo da ita Ankara. Ƙauyen masunta ya wayi gari a bakin ƙofar gwamna.

Yadda Hausawa suka iso gaɓa

Ta hanya uku kakanninmu suka iso nan, kuma ba kowace ce ke da daɗin faɗa ba.

Ta farko ita ce bauta. A tsakiyar tsohuwar Ankara akwai kasuwa mai suna Salaga, sunan babbar kasuwar ƙasar Gwanja inda fataken Hausa ke kai kanwa, fata da tufafi su sayo goro. A Salaga ta Gwanja ana sayar da mutane, kuma akan gangaro da su har bakin teku. Cikin waɗanda aka sayar akwai masu jin Hausa, cikin masu sayarwa ma akwai. Tarihi ba ya zaɓar mana abin da za mu tuna.

Ta biyu ita ce soja. Wani hafsan Ingila mai suna Glover ya haɗa runduna a Ikko wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, akasarinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. A 1873 ya zo da su gaɓar nan, ya ƙara ɗaukar wasu, suka shiga yaƙin da aka yi da Asante a 1874. Ba dukansu ne Hausawan asali ba, amma Hausa ce harshen bariki. Da yaƙi ya ƙare, wasu suka ci gaba da aikin ɗan sanda, wasu suka ajiye kaki suka kama kasuwanci a Ankara.

Ta uku ita ce fatauci da malanta. Faɗuwar Kumasi a 1874 ta girgiza kasuwar goro ta Salaga, yaƙin basasar da ya ɓarke a garin a 1892 kuma ya ƙarasa watsa fatakenta. Wasu suka nufi Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu Ankara. Tun kafin nan wani malami mutumin Katsina, Malam Naino, ya riga ya sauka a tsohuwar Ankara, kuma a farkon shekarun 1880 ya sami fili inda aka kafa Zongon Malam, wurin da har yanzu ake kira Zongo Lane.

Teku ta ba fataken nan abin da jaki bai ba su ba. Goron da a da ke shafe watanni a hanya kafin ya isa Kano, yanzu ana iya ɗora shi a jirgin ruwa ya isa Ikko cikin 'yan kwanaki. Cikin waɗanda suka fara gane wannan akwai Alhassan Dantata, haifaffen Bebeji a 1877, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Ankara. Ya yi safarar goro ta ruwa daga gaɓar nan zuwa Ikko kafin ya koma Kano ya shahara a cinikin gyaɗa. Shi ne kakan mahaifiyar Aliko Dangote. Duk Bakanon da ya zo Ankara bai taka bakin ruwan James Town ba, ya tsallake wani shafi na tarihin garinsu.

Annoba ta faɗaɗa gari

Zuwa ƙidayar 1891 mutanen Ankara sun kai kimanin dubu 20, yawancinsu a cunkushe cikin lungunan Ga Mashie, gidajen laka da rufin ciyawa. A 1894 gobara ta cinye babban ɓangare na garin. A 1908 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta shigo, Turawan mulki suka rushe gidaje, suka kwashe mutane zuwa sababbin wurare irin su Korle Gonno da Adabraka. Musulmi da yawa sun koma Adabraka, kuma ana cewa sunan daga kalmarmu ta "albarka" ya fito.

A cikin wannan yanayi na cunkoso, ga kuma saɓani kan limanci da shugabanci tsakanin manyan Musulmin gari, Malam Bako ɗan Malam Naino ya nemi fili daga sarakunan Ga a ƙetaren tafkin Korle, wurin da a lokacin daji ne. A wajen 1910 ya tashi da mutanensa ya yanka musu filaye. Tunda akwai tsohon zango a cikin gari, sai aka kira wannan Sabon Zongo, kuma har yau sarautar unguwar tana gidan Malam Bako. Nima ta biyo baya a shekarun 1930, a filin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai cinikin shanu, ya samu, ta kuma cika maƙil lokacin yaƙin duniya na biyu saboda aikin barikokin soja da ke kusa. Maamobi ta tsiro a gefenta. A ranar 22 ga Yuni, 1939 wata girgizar ƙasar ta sake rusa gidajen tsohuwar Ankara, gwamnati ta gina sababbin unguwanni a yamma da tafki, ta kwashe dubban mutanen Ga zuwa can. Shi ya sa a yau Bahaushen Sabon Zongo da mutumin Ga na Mamprobi ko Korle Gonno suke hawa mota ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya.

Ranar da jirage suka daina tsayawa

Ankara ba ta da mashigin ruwa mai zurfi. Manyan jirage can nesa suke tsayawa, sai matuƙa su tura jiragen katako cikin raƙuman ruwa su ɗebo kaya da fasinja. An gina katangar tare igiyar ruwa a farkon ƙarni na 20, amma yashi ya riƙa cike bayanta. Duk da haka ta nan manja ya fita, ta nan kuma kokon da ake yin cakulan da shi ya fita, musamman bayan layin dogo ya haɗa Ankara da Kumasi a 1923. Hasumiyar da ke haska wa jirage hanya an fara gina ta a 1871, wadda muke gani yanzu kuma ta shekarun 1930 ce, tsayinta mita 28. A wancan zamani babban titin James Town cike yake da kantunan kamfanoni, rumbunan ajiya da gidajen bene na attajirai. Dubban mutane na ci daga tashar: matuƙa, 'yan dako, masu gadi, masu sayar da abinci. 'Yan Zongo da 'yan arewa na cikin waɗanda suka sha ɗaukar buhu a ka.

A 1962 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Tema, aka rufe ta Ankara. Kamfanoni suka kwashe, masu hali suka koma sababbin unguwanni, rumbuna suka zama kango. James Town ta koma abin da ta fara da shi, wato kamun kifi, sai dai yanzu bakunan da ke jiran kifin sun ninka sau da yawa. Su kuma gidajen dutsen Turawa kurkuku suka zama. A James Fort aka tsare Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓen Fabrairun 1951, aka sako shi ranar 12 ga watan ya kafa gwamnati. Ussher Fort ya daina karɓar fursuna a 1993, James Fort kuwa sai a 2008.

Jama'a da zamansu

Garin da ke da mutum dubu 20 a 1891 ya haura dubu 130 a 1948. A ƙidayar 2021 yankin Babbar Ankara yana da mutum miliyan 5.4 daga cikin miliyan 30.8 na ƙasar baki ɗaya. Birni ya bazu ta ko'ina, amma Ga Mashie ba ta da inda za ta miƙe ƙafa: teku a kudu, tafki a yamma, kasuwanni da ofisoshi a sauran ɓangarorin. Gidajen na gado ne, kowane ɗan dangi yana da haƙƙi a ciki, don haka ba mai iya sayarwa, gyara ma sai an sha shawara. A al'adar Ga maza kan zauna a gidan dangin uba, mata da ƙananan yara a wani gidan daban. Ɗaki guda na iya ɗaukar mutum da yawa, kuma in zafi ya tsananta za ka ga tabarmi shimfiɗe a bakin titi da dare. Wanda ya tashi a Nima ko Sabon Zongo ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Maza ke shiga teku, mata ke sayen kifin, su yi banda, su kai kasuwa, kuma sau da yawa su ke ba da jarin mai da raga. Ranar Talata ba a shiga teku, al'ada ce tun ta kakanni. Kakar kifi daga Yuli zuwa Satumba take, a cikinta ne kuma ake bikin Homowo na tuna ƙarshen wata tsohuwar yunwa. Sai dai kifi ya ja baya sosai, saboda yawan kwale-kwale, manyan jiragen da ke share ƙasan teku, da kamun dare da fitila. A 2019 gwamnati ta kai ga hana masunta shiga ruwa na wata guda don kifi ya hayayyafa. Tafkin Korle kuwa, wanda mutanen Ga ke girmamawa, ya zama matattarar dattin birni.

Daga wannan ƙunci ne dambe ya fito. Unguwar Bukom da ke Ussher Town ta ba duniya Azumah Nelson, wanda ya ci kambun duniya a 1984, da Ike Quartey da wasu da dama. Yaron da ba shi da gona ba shi da jari, hannunsa ne jarinsa.

Gwamnati da kanta ta taɓa amsa cewa ciwon mai gida da na baƙonsa iri ɗaya ne. A 2017 ta kafa ma'aikata guda don raya tsofaffin unguwannin cikin birni da zanguna, ko da yake an rushe ma'aikatar a 2021.

Sabuwar haja: masu yawon buɗe ido

Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa gidajen dutsen gaɓar Gana, har da James Fort da Ussher Fort, cikin wuraren tarihi na duniya. A 2011 wasu matasa masu zane da kiɗa suka fara bikin Chale Wote a babban titin James Town. A harshen Ga sunan na nufin "aboki, mu je", kuma haka ake kiran silifa. Bikin ya riƙa tara dubban mutane, bangaye suka cika da zane, mai gasa kifi da mai sayar da ruwa suka riƙa samun cinikin da ba su saba ba. A 2023 aka kai shi Osu. Gwamnati ta shelanta 2019 a matsayin shekarar komowa gida ga zuriyar bayi, shekara 400 bayan saukar bayin Afirka a Virginia ta Amurka, baƙi kuma suka yi ta zuwa.

Baƙon yakan zo da safe a motar haya, ya hau hasumiya, ya leƙa ɗakunan bayi, ya ɗauki hoton kwale-kwale da yara masu atisayen dambe, kafin azahar ya koma otal ɗinsa a wata unguwa. Can zai ci, can zai kwana, can zai kashe kuɗinsa. Abin da ke saura a James Town shi ne ɗan abin da ya miƙa wa saurayin da ya zaga da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai matasan unguwar da suka tashi tsaye suna yi wa baƙi jagora da kansu, suna koyar da yara zane da wasan kwaikwayo, kuma sun cancanci yabo. Amma talaucin da baƙo ke ɗauka a hoto, wani ne ke kwana a cikinsa.

Sabuwar tashar masunta ma ta zo da irin wannan tambaya. An aza harsashinta a 2018 da tallafin ƙasar Sin, a 2020 aka rushe rumfuna da ɗakunan da ke bakin ruwan don a samu fili, aka buɗe ta a 2024. Tashar abin so ce. Amma ma'aunin nasararta shi ne ko matar da aka tayar daga inda take banda ta sami gurbi a cikinta.

Abin da ya rage gare mu

Zinariya ta bi ta James Town, bayi sun bi, manja, goro da koko sun bi, yanzu masu kyamara ke bi. Kowanne ya yada zango ya wuce. Abin da ya tabbata a wurin shi ne mutane: mutanen Ga da suka ba da masauki, da baƙin da suka karɓa, daga Alata zuwa Tabom zuwa mu. Bahaushe na cewa baƙo raɓa ne, amma mu raɓarmu ta haura shekara ɗari da arba'in a Ankara, har shinkafa da wakenmu ya zama waakye a bakin kowa, kokonmu da ƙosai suka zama karin kumallon birni.

Duk da haka, zai yi wuya ka ji mai yi wa baƙi jagora ya ambaci Malam Naino, ko ya nuna inda aka riƙa loda goro, ko ya ɗauki baƙo daga kasuwar Salaga ya bi da shi Zongo Lane ya ƙetare tafki zuwa Sabon Zongo. Laifin ba nasa ba ne, mu ne ba mu rubuta ba. Tsofaffin da suka ga jirage na tsaye a gaban hasumiya kafin 1962 suna nan a zaurukanmu, amma kullum raguwa suke yi. Akwai takardun ajami da tsofaffin hotuna a cikin adakoki, gara na ci. Ɗalibanmu da ke jami'a, da malaman makarantunmu, da masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyo, su ya kamata su zauna da waɗannan dattawa tun da sauran lokaci.

Kafin nan, ɗan'uwa, wata Asabar ka kama hannun ɗanka ku haye gadar Korle. Ku hau hasumiyar, ka nuna masa teku ta kudu, sa'annan ka juya da shi arewa maso yamma ka nuna masa inda unguwarku take. In za ku sauko, ku sayi kifi a hannun matan wurin, kada ku matsa musu wajen ciniki.